Duro Mai Kauri

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara, uwa-uba Inna. Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata Autanta yana nan da bakinsa, ba a datse shi ba tukuna.

Direban da zai ba ki wannan takarda zai sauke miki duro ɗaya kore. Na Inna ne, ba naki ba, kada in ji an ce kin zuba dusar kaji a ciki. Ki kai mata ɗakinta ta riƙa tara ruwan sha, ta huta da wannan bokitin da ba shi da murfi.

Bari in ba ki labarin yadda aka yi, don na san Kawu ba zai faɗa miki ba, shi da magana kamar saya yake yi. Shekara uku ke nan ina wannan kamfanin fenti, kuma duk ranar Asabar ta duniya sai an tara duron da aka juye kayan cikinsu a bayan katanga an banka musu wuta. Hayaƙi baƙi ƙirin, ya bi ta kan gidajen mutane, matan unguwa su fito da gudu suna kwashe shanya. Na yi magana har na gaji. Sai abokan aikina su ce, "Farfesa ya fara." Sunan da suka laƙaba mini ke nan, don lokacin hutun rana kowa na sharar barci a kan kwali, ni ina karanta tsofaffin jaridun da ake naɗo mana kaya a ciki. Jakai kawai. Wanda bai iya karanta sunansa a katin aiki ba shi ke yi mini dariya.

To, kwatsam masu sayen fentinmu na waje suka ce ba za su ƙara saye ba sai kamfani ya kawo takardar shaidar kare muhalli. Nan take Manaja ya zama masoyin bishiyoyi. Aka ɗauko wani mutum mai ƙaramar kwamfuta da farin takalmi, muna ce masa Malam Kore, ya tara mu a rumfar cin abinci ya ce wa ke da shawara. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni na miƙe. Na ce a daina ƙona duro, a wanke a raba wa ma'aikata, babu gidan da ba ya bukatar mazubin ruwa. Yaya, Manaja da kansa ya tafa mini. Mutumin da bai taɓa amsa gaisuwata ba!

Kwana huɗu muna wanki. Sabulu sau uku, a kife a rana. Ni aka ba aikin kankare takardun da ke manne a jikinsu, don Manaja ya ce ba ya son sunan masu sayar mana da kaya ya riƙa yawo a gari. Sannan aka shafa musu koren fenti. Duro ɗari uku da goma, ko ɗaya bai ga wuta ba. Asabar ɗin nan na tsaya a bayan katanga na ɗaga kai, sama fes.

Kawu, da yake shi ne mai sito, shi ya yi rabon. Manya suka fara zaɓa, mu 'yan ƙasa-ƙasa aka bar mana masu laushi, waɗanda in ka danna da yatsa sai su lotsa. Amma da na ce nawa na Inna ne, sai Kawu ya karɓe, ya shiga ciki ya fito da wannan. Ki ƙwanƙwasa ki ji. Kaurinsa ya ninka na sauran, murfin har da zoben ƙarfe. Ya ce, "Yayata ba za ta sha ruwa a ledar banza ba." Akwai ɗan wari kaɗan, ki jefa gawayi a ciki, kwana biyu zai tafi.

Ki ce wa Inna karatun jaridar da take cewa zai haukata ni, ga abin da ya haifa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya aiki, ya Kawu da iyalinsa. Mu dai da sauƙi, amma Inna ba ta da lafiya.

Na kira ka jiya na kasa faɗa maka, don ka cika mini kunne da labarin takardar shaidarku. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Yau wata huɗu da zuwan duronka. Wata guda da ya wuce hannunta ya fara rawa, muka ce shekaru ne. Sai kofi ya riƙa suɓuce mata. Sai amai da safe. Sai ta ce tana ganin mutane dishi-dishi, ranar Talata ta kalli maigidana ta tambaye shi wa yake nema. Mun kai ta asibiti, an kwantar da ita, gado na biyu daga ƙofa.

Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta tambaye ni me Inna ke ci ko sha wanda mu ba ma taɓawa. Na yi ta tunani. Tukunyarmu ɗaya. Sai ruwa. Mu a randa muke sha, ita kuwa tun da duron nan ya zo ta hana kowa kusantarsa, har kofinsa daban ta ɗaure masa da igiya. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa, ta ce na Autanta ne, kamfani ya ba shi saboda ilimi.

Maigidana ya ɗauko duron a babur ya kai asibiti. Likita ta buɗe, ta sansana, ta rufe da sauri. Ta ce akwai abubuwan da roba ke shanyewa, ko an wanke sau ɗari suna nan suna fitowa kaɗan-kaɗan. Ta ce sai ta san ainihin abin da aka taɓa zubawa a ciki kafin ta san maganin da za ta ba ta, don in ta yi kame-kame tana iya ƙara mata ciwo. Sun ɗebi ruwan za su aika gwaji wani gari, amma sakamakon na iya kai wata guda, kuma ta ce ba ta jin idon Inna zai jira wata guda.

Mun juya shi ta ko'ina, babu rubutu, ka kankare tas. Sai a gindinsa muka ga lamba da aka buga a cikin robar: 4417. Ka kai wa Kawu ya duba ya faɗa mana. Na kira shi sau uku, da na ambaci duro sai ya ce yana cikin aiki.

Don Allah ka tambaye shi da ladabi. Na san halinka. Suna kawai nake so, ba faɗa ba.

Yara na gaishe ka.
Yayarka

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan ka wuni lafiya, da iyali.

Na zo ƙofar sito sau huɗu yau. Sau biyu an ce ka fita, alhali ina hango hularka a bayan buhunan hoda. Shi ya sa na turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa, takarda dai ba za a ce mata ka fita ba.

Yayarka tana asibiti, ka sani. Likita na son sunan abin da ke cikin duron da muka aika mata. Lambarsa 4417. Kai ke da littafin da ake rubuta kowane duro ranar da ya shigo da abin da ya ɗauko, na sha ganinsa, mai baƙin bango, a durowar hagu. Ka buɗe, ka kwafi layi ɗaya a bayan wannan takardar, ka turo mini. Ba sai ka sa hannu ba. Ba ma sai ka kalle ni ba.

Yaya ta ce in yi ladabi. Ga shi na yi, ka kuwa san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Ɗanka,
Auta

*

Zuwa ga ɗana,

Bayan sallama da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa takardarka ta same ni, na kuma fahimci abin da ke cikinta.

Ciwon mahaifiyarka ya dame ni fiye da yadda kake zato, kullum tana cikin addu'ata. Amma ka sani ta haura saba'in, kuma tamu mahaifiyar ma da rawar hannu ta rasu, lokacin babu kamfani babu duro. Tsufa ne. Likitocin yanzu in suka rasa abin faɗa sai su nemi abin ɗora wa laifi.

Game da littafi, ba nawa ba ne, amanar kamfani ce. Shekara ashirin da shida ina riƙe da makullin nan, ba a taɓa jin wani abu ya fita ta hannuna ba. Ranar da aka fara wannan shiri, mu shugabannin sassa duka mun sa hannu cewa ba za mu fitar da bayanin kaya ba sai da izinin Manaja. Na nemi izinin. Ya ce a dakata masu dubawar da za su ba mu takardar shaida su zo su tafi, saura kwana goma sha biyu. Idan takarda mai sunan kayanmu ta shiga asibiti, daga can hukuma za ta wuce. Daga nan babu takardar shaida, masu saye su janye, a garƙame ƙofa. Mutum ɗari biyu da iyalansu ke ci a nan, har da kai da na roƙa aka ɗauka.

Kwana goma sha biyu ba shekara ba ce. Ka kama bakinka, kada ka rushe abin da kai da kanka ka fara.

Na aika mata da zuma da bargo.

Ka huta lafiya.
Kawunka

*

Yaya,

Salam. Ya jikin Inna? Allah ya ba ta lafiya. Ba ni da wata gaisuwa bayan wannan.

Ga amsar Kawu na haɗo miki, ki karanta da idonki. Zuma da bargo! Yayarsa na makancewa, shi yana aika bargo.

Na yi ladabin da kika ce bai yi aiki ba, sai na yi irin nawa. Na faɗa ofishin Manaja ba sallama. Na same shi da Malam Kore suna zaɓen hoton da za a kafa a bakin ƙofa saboda masu dubawa. Kin san hoton wa? Nawa. Ga ni a tsaye na rungume koren duro ina washe baki kamar an ba ni mata. A ƙasa an rubuta: Ba ma zubar da komai. Na ce gaskiya ne, ba ku zubar ba, cikin uwata kuka juye.

Manaja ya ce in zauna. Na ce ban zo zama ba, lamba 4417. Ya kwantar da murya ya ce, "Wa ya kawo shawarar nan a gaban mutum ɗari biyu?" Na ce ni. "Wa ya kankare takardun?" Na ce ni. Ya ce, "To ka yi tunani da kyau kafin ka kai kanka." Malam Kore ko ɗagowa bai yi daga kwamfutarsa ba, sai cewa ya yi shi a takardunsa an rubuta don zuba shara da shuka furanni aka raba su, bai san wani zai sha ruwa a ciki ba. Yaya, a gabansa na ce ruwa! Da bakina, ya gyaɗa kai ya ce madalla. Wa ke shuka furanni a unguwar da famfo ke zuwa sau ɗaya a mako? Na kifar masa da shayinsa a kan farin takalmin. An dakatar da ni. Maigadi ya raka ni waje yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi mini laifi.

Da na samu kaina ba aiki, sai na shiga bin gidajen ma'aikata. Gida ashirin da uku na shiga. Masu duro mai laushi lafiyarsu ƙalau. Amma gidan Dogo mai walda, matarsa na amai mako uku, suna ta murna sun zaci ciki ne. Gidan shugaban direbobi, tsohonsa ya daina gane hanyar masallaci. Duka biyun duronsu mai kauri ne, mai zoben ƙarfe.

Sai na zauna a bakin titi na yi tunanin da ya kamata in yi tun wata huɗu. Don me za a kashe roba ninki biyu a duro ɗaya, a sa masa zobe? Don abin da ke ciki ba a so ko ɗigo ya fita. Mu kuwa muka ƙwanƙwasa muka ji kauri, muka ce wannan na manya ne. Har cacar baki aka yi a kansu ranar rabo. Wanda aka fi girmamawa shi aka ba mafi dafi.

Ni ne fa Farfesa. Na karanta yadda hayaƙin roba ke cin huhu, na karanta yadda wasu ƙasashe ke sake amfani da shararsu, na haddace ina ta yi wa mutane wa'azi. Takardar da ke jikin duron, wadda na riƙe da hannuna na kankare da wuƙa, ita kaɗai ce ban karanta ba. Akwai masu jan zane a kusurwa, yanzu nake tunawa. Sauri nake in gama ɗari uku kafin Manaja ya zagayo, ya ga ƙwazona.

Dogo ya ce in daina zagin kamfani a ƙofar gidansa, 'ya'yansa biyar. Ya dai kife duron, amma ya ce in aka tambaye shi bai san ni ba.

Kada ki faɗa wa Inna komai tukuna. Ki ce ina gaishe ta. Ki ce aiki ne ya riƙe ni.

Auta

*

Kawu,

Ina gaishe ka, don Inna ta koya mini gaida manya ko da raina a ɓace.

Tun da an hana ni shiga, maigadi zai miƙa maka wannan. Yaya ta kira ni da safe. Idon hagu ya tafi. Likita ta haska fitila a cikinsa, Inna ta ce yaushe za a kunna. Na dama yana ganin inuwa. Saura kwana bakwai masu dubawarku su zo, kai ka san ko inuwar za ta kai.

Na daina tambayar kaina me ya sa ka ƙi. Ba amana ba ce, ba mutum ɗari biyu ba ne. Kai ka shiga ciki ka zaɓo shi. Masu kaurin nan ba a fili suke tare da sauran ba, a ɗakin baya suke, mai kwaɗo biyu, wanda ba ka barin kowa ya doshe shi da sigari. Ka fi kowa sanin dalili. Kana tsoron buɗe littafin ne don kada ka ga abin da ka riga ka sani.

To ni ma hannuna na ciki dumu-dumu. Ni na kawo shawara, ni na kankare, ni na ɗora a mota. Ba wanda zan ɗora wa nake nema ba. Mu biyu ne, ni da kai, muka kai mata har ɗaki tana sa mana albarka. Gobe zan je ofishin hukumar muhalli in faɗi nawa laifin da sunana. Za su zo su karɓi littafin, amma irin tafiyarsu sai sun yi mako biyu suna neman man mota. Kai kuwa minti ɗaya ya ishe ka.

Ka ce mahaifiyarku da rawar hannu ta rasu. Na tambaya. Inna ce ta yi jinyarta wata tara tana ba ta abinci a baki, kai kana makarantar kwana, ta hana a faɗa maka don kada karatunka ya lalace. Yanzu ga ta a kwance tana tambaya ko ƙaninta na samun cin abinci, don ta ji an ce aiki ya yi muku yawa.

Jibi motar farko zuwa garinmu tana tashi ƙarfe bakwai. Zan tsaya a tasha har ta cika.

Ɗanka, ko ka so ko ka ƙi

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ban iya zuwa tasha ranar da ka ce ba, ban iya washegari ba. Kwana uku ina buɗe durowa ina rufewa. Wannan ba zan ɓoye maka ba.

Ga shafin nan na yago shi gaba ɗaya daga littafin, kada in yi kuskuren kwafi. Layi na tara shi ne na mahaifiyarka. Na haɗa da takardar gargaɗin da ke zuwa da irin wannan kaya, likita za ta gane.

Masu kaurin guda arba'in da ɗaya ne. Ƙa'ida ita ce a mayar wa waɗanda suka sayar mana, su suka san yadda ake yi da su. Malam Kore ya ce motar mayarwa tana ƙara mana hayaƙi a rahotonsa, kuma in an raba su, yawan abin da muka ceto zai fi kyau a takarda. Manaja ya ce a haɗa. Na san abin da ke ciki. Na ɗauka sabulu sau uku da rana sun isa, wallahi haka na ɗauka, shi ya sa na zaɓa wa yayata wanda ya fi kowanne kyau.

A bayan shafin na rubuta sunan duk wanda na ba mai kauri. Na ƙarshe nawa ne. Jikokina ke sha a ciki har ranar da takardarka ta farko ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ranar na koma gida na fasa shi da gatari, sannan na zauna na rubuta maka cewa tsufa ne.

Ka kai. Ni ba ni da fuskar shiga asibitin nan.

Kawunka

*

Kawu,

Salam. Na iso da azahar, na miƙa wa likita shafin hannu da hannu. Ta karanta layi na tara, ta tambaye ni tun yaushe wannan takarda take wurinmu. Na ce tun kafin duron ya bar sito. An canja magani. Ta ce amai zai tsaya, rawar hannu ma wataƙila. Ido kuwa, na daman ya bi na hagu tun shekaranjiya.

Sunayen na bar wa hukuma kwafi kafin in hau mota. Dogo ma ya karɓi ɗaya.

Inna ta shafa fuskata ta ce na rame. Ba ta san komai ba. Ta ce in an sallame ta a share mata ɗaki a cika mata duronta, don ruwan asibiti ba ya kashe mata ƙishi.

Yaya ta ce a bar ta a haka. Ni na ce sai an faɗa mata. Amma na zauna a gefen gadon awa biyu, bakin nan nawa da kowa ke kuka da shi ya ƙi buɗuwa. Ba zan iya ni kaɗai ba.

Ranar Alhamis za a sallame ta. Ka zo kafin nan.

Ɗanka,
Auta